Motar Michael Knight da Maƙeran Gwangwani na Katabu

A Amurka da Japan ana sayen sassan motocin fim a cikin kwali, a zauna a haɗa su a gida. A Katabu kuwa yaro ne ke ƙera kowane sashe da hannunsa, daga abin da aka zubar. Me kowannensu ya iya, kuma me ya rage masa?

Duk wanda ya baro Kawo ya ɗauki hanyar Zariya, da zarar ya wuce Rigachikun ba zai jima ba zai iske Katabu da Mararrabar Jos, a Ƙaramar Hukumar Igabi. Yanki ne da manyan motoci suka daɗe da mayarwa zango. Tankokin mai, tirelolin siminti, motocin shanu masu gangarawa Kudu, da tsofaffin motocin katako masu zanen zaki da ɗawisu a baya, duk nan suke tsayawa. Direba ya ci abinci, yaron mota ya bubbuga taya, bakanike ya shige ƙarƙashi da sufana. Yaron da ya tashi a nan ba a littafi yake koyon mota ba. Kafin ya iya haɗa baƙi ya san DAF, ya san Mack, ya san inda ake ɗaure safaya.

Shi ya sa ba a mamaki idan an ga yaro a lungu yana jan tirela mai tsawon kamu guda, kanta na gwangwanin madara, tayoyinta na tsohon silifa, yana kwaikwayon kukan birki da baki. A wani ɓangaren duniya akwai dattawa masu furfura da ke yin irin wannan aiki, sai dai su kayansu a shirye suke zuwa daga masana'anta, kuma cikin motocin da suka fi so akwai waɗanda suka yi suna a talabijin. Ajiye aikin nan biyu gefe da gefe yana nuna wani abu game da yadda muke renon masu basirar hannu a Arewa.

Motar da ke magana

Waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1980 da farkon 1990, lokacin da gida guda mai talabijin ke tara yaran unguwa a tsakar gida, ba su manta da baƙar motar nan mai jan haske yana kai-komo a goshinta ba. Shirin Knight Rider ne, wanda Glen A. Larson ya ƙirƙiro, tashar NBC ta Amurka ta nuna shi daga 1982 zuwa 1986, daga baya ya bazu duniya har ya iso gidajen talabijin na Najeriya. David Hasselhoff ne ya fito a matsayin Michael Knight, amma kowa ya san motar ce jarumar. Sunanta KITT. Tana magana da muryar ɗan wasa William Daniels, tana tuƙa kanta, harsashi ba ya huda ta, kuma idan an danna wani maɓalli sai ta yi tsalle ta ƙetare shinge.

A zahiri Pontiac Firebird Trans Am ce ƙirar 1982, aka sauya mata hanci, aka cika gabanta da fitilu da ƙananan allunan talabijin, aka cire sitiyari mai da'ira aka sa wani mai kama da na jirgin sama. Ba ita kaɗai ba ce motar talabijin da ta yi tashe. Akwai motar Batman ta shirin 1966, wadda George Barris ya sassaƙa daga Lincoln Futura ta 1955, aka kuma yi gwanjonta a 2013 kan fiye da dala miliyan 4. Akwai Dodge Charger ta 1969 mai ruwan lemo ta shirin The Dukes of Hazzard, da baƙar bas mai jan layi ta The A-Team.

Kamfanonin kayan wasa ba su yi sanya ba. MPC na Amurka ya fito da KITT ta roba wadda ake haɗawa tun shirin yana kan ganiyarsa. Daga baya Aoshima na birnin Shizuoka a Japan, garin da ya zama cibiyar wannan sana'a, inda Tamiya ma yake, ya fito da tasa, wasu har da fitilar goshi mai aiki da batir.

Abin da ke cikin kwalin

Wanda bai taɓa gani ba zai zaci mota zai tarar idan ya buɗe. Ba mota ba ce. Firam-firam ne na roba, kowanne da ƙananan sassa manne a jikinsa, kowane sashe da lambarsa. An narka roba ne an tura ta cikin ƙarfen da aka sassaƙa da siffar sassan, ta bi ta ƙananan hanyoyi ta cika kowane gurbi. Hanyoyin da ta bi su ne firam ɗin. Gangar jikin motar guda ce. Gilasai suna cikin ledarsu daban don kada su karce. Ga tayoyi huɗu masu taushi, ga takardar tambari da lambobi, ga kuma takardar da ke nuna abin da za a fara da abin da zai biyo baya.

Duk abin da ke ciki an rage shi da ƙa'ida guda. A na MPC, an raba kowane awo na ainihin motar gida 25. A na Aoshima, gida 24. Trans Am ta 1982 tana da tsawon kimanin mita 4.8, don haka ƙaramar takan fito wajen santimita 19 zuwa 20, wato kusan taƙi guda. Madubin gefe bai kai ƙwayar wake ba.

Aikin yana farawa da wanka. Ana wanke sassan da ruwan sabulu don cire maiƙon masana'anta, in ba haka ba fenti ba zai kama ba. Sai a yanke kowane sashe da ƙaramar filaya, ba a murɗe shi da hannu, a kankare tabon da reza, a bi shi da samfefa mai laushi. Kafin a sa gam, sai an gwada an ga ya zauna. Gam ɗin ma ba irin na takarda ba ne: narka fuskar robar yake yi kaɗan, ɓangarorin biyu su zama abu guda, kamar yadda mai walda ke haɗa ƙarfe da ƙarfe. Ɗigo ɗaya ya kuskure ya sauka a bonet, ya bar tabon da sai an yi cike. Wanda kuma ya yi gaggawa ya manna gilashi da supa gulu, washegari zai tarar gilashin ya yi fari fat, domin tururin wannan gam yana bin gilashi ya dusashe shi. Farin gam irin na kafinta ake sa wa gilashi.

Baƙin fenti da ƙurar hunturu

Masu wannan sha'awa sun yi ittifaƙi cewa baƙi mai sheƙi ya fi kowane launi wuya, kuma duk wani fanel bita a Kaduna zai gaskata su. Baƙi ba ya rufa asiri. Ƙaramin karce, zanen yatsa, silin gashi, duk sai ya tona. Ana fara fesa fentin share fage mai ruwan toka, a bari ya bushe, a goge, sannan a bi da baƙi a hankali, shafi bayan shafi, kowanne siriri. Wanda ya fesa da yawa a lokaci guda sai fentin ya yi hawaye ya gangaro.

A ƙasarmu akwai ƙarin abokan gaba uku. Na farko ƙura: daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta taso, fenti ɗanye ba ya minti biyar a fili bai kwashi buji ba, don haka sai a kifa masa kwali ko bokiti da zarar an fesa. Na biyu laimar damina, wadda ke sa sheƙin ya yi hazo. Na uku rana: robar tana lanƙwashewa idan an shanya ta a zafin Maris ko Afrilu da sunan a busar da ita da wuri. Sannan fentin gwangwani na ainihin mota, wanda shi ya fi sauƙin samu a kasuwa, yakan zo da sinadari mai ƙarfi da ke cin robar ta yamutse. Mai hankali yakan fara gwadawa a jikin ragowar firam.

Inda gwaninta take fitowa shi ne wajen sauye-sauye. Gwanaye ba sa tsayawa kan abin da takarda ta ce. Wani zai huda goshin motar ya jera ƙananan jajayen fitilu, ya ɓoye batir a but. Wani zai zauna da tsinken sakace yana ɗiga launi a kowane maɓalli na dashbod, ja, kore, rawaya. Wani kuma zai ce shi ba KITT yake so ba, abokiyar gabarta KARR yake so, wadda a fitowarta ta biyu a shirin aka shafa wa ƙasanta ruwan azurfa, haskenta ya koma rawaya. Hasken nan mai kai-komo ba wani sihiri ba ne. Ƙananan na'urori biyu masu lamba 555 da 4017, irin waɗanda ɗaliban lantarki ke fara gwaji da su, sun isa su sa fitilu su riƙa kunnuwa bi da bi. Danginsa ne muke gani da dare a jikin Keke Napep da baburan samari.

Irin wannan kwali ba kayan teburin ɗan koli ba ne. Wanda yake so a Kaduna, galibi sai dai ya yi oda ta intanet ko ya ba matafiyi saƙo, ya biya da farashin dala, ga kuɗin dako. Abin da ke cika kasuwa lokacin Sallah motocin Sin ne haɗaɗɗu, waɗanda yaro ba ya koyon komai a jikinsu sai ranar da suka lalace ya farke cikinsu.

Kwalin yaron Katabu

Nasa kwalin shi ne bola, da bayan garejin bakanike, da gonar da aka girbe. Kowane lokaci da kayansa. Da kaka, idan an yanke dawa, motar kara ce ke tashe: a ɓare ɓawon karan a tsaga shi siri-siri, a yanka totuwar gunduwa-gunduwa, a riƙa soka wannan cikin wancan har a tayar da gida mai ƙofa da taga, ba gam ba ƙusa. Da damina laka ce. Sauran shekara kuwa gwangwani ne da waya da langa-langa da kwali.

A tsaya a kalli yadda ake yin tanka. Yaro zai samo gwangwanin maganin sauro wanda ya ƙare, shi ne tankin. Kan motar daga gwangwanin kifi ko na madara, a buɗe shi da wuƙa, a daddake shi da dutse ya miƙe, a lanƙwasa a bakin dakali. Taya kuwa, sai ya ɗora bakin ƙaramin gwangwanin tumatir a kan tsohon silifa, ya danna yana murzawa har ya yanke da'ira. Ya huda tsakiya da ƙusa mai zafi, ya zura tsinken tayar keke. Don tayar ta juya ba tare da ta ci jikin motar ba, sai ya sa tsinken cikin bututun biro. Tanka mai tayoyi goma sha takwas na bukatar silifa ba ɗaya ba, kuma nan ne rigima da mutanen gida take farawa. Sai ka ji uwa daga ɗaki: "Kai, wa ya yanka mini takalmin banɗaki?"

Sauran kayan roƙo ne da musaya. "Baba, don Allah a taimaka mini da guntun tiyub," in ji shi ga mai faci, domin da robar tiyub ake ɗaure gatari, ita ce kuma ke sa motar ta yi lilo idan ta hau dutse. Wajen mai gyaran rediyo ake samun ɗan injin da ke juya faifai a tsohuwar DVD, da ƙwan tocila. Yaran da suka ƙware har katafila suke yi, su haɗa sirinji biyu da siririn tiyo su cika da ruwa, a danna wannan, hannun katafilar ya ɗaga. Wannan ita ce ainihin dabarar da ke ɗaga bayan tifa, sai dai can mai ne a ciki, nan ruwa.

Ado kuwa ba a koya musu shi. Sun gani a jikin motocin da ke bakin titi: tutoci, geza, madubai, da rubutun bayan mota. Yaro zai tsoma tsinke a ragowar fenti ya rubuta "Sai Haƙuri" ko "Rabo Daga Allah" a bayan tirelarsa. Yanzu da waya ta shigo, abin kwaikwayon ya ƙaru. Wanda ya ga motar tsere a fim ɗin Fast and Furious sai ya manna wa tasa fiffike a baya. Haka yayyensa da iyayensa suka yi a zamanin KITT: a shafa wa gwangwani baƙin bula, a manna jar ledar alewa a goshi, shi ke nan an sami motar Michael.

Za a iya cewa ai a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Amma idan aka duba da kyau, yaron nan ya yi rabin aikin da ya fi wuya. Mai kwalin Japan an riga an yi masa tunani: wani ya auna, wani ya zana, wani ya yanke shawarar inda kowane sashe zai zauna. Yaron Katabu shi ne mai zanen, shi ne mai neman kayan, shi ne mai warware matsalar yadda kan tirela zai juya ba tare da ya rabu da bodi ba.

Murfin kwalba da lissafi

Abin da ya rasa shi ne awo. Da ido yake aiki, shi ya sa za ka ga kai ya yi wa bodi girma, ko taya ta yi ƙanƙanta, kuma idan ya yi mota mai kyau yau, ba lallai ya iya maimaita irinta gobe ba. Ba shi da zane a takarda da zai miƙa wa wani ya ƙera masa irinta. Wannan giɓi ne ke raba mai basira da injiniya, kuma cike shi ba ya bukatar dala.

Ga misali. Tayar mota irin KITT tana da faɗin kimanin santimita 66. A raba gida 25, ya ba da 2.6. Murfin kwalbar lemo na ƙarfe, wanda yara suka daɗe suna yin taya da shi, kusan faɗinsa ke nan. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya a motar mita 2.56 ce, wato santimita 10 da ɗan ɗoriya a ƙarama. Kwantena mai ƙafa 40, irin wadda ke wucewa ta Katabu kullum, tsawonta mita 12.2 ne, a ƙarama kusan santimita 49. Malamin lissafi na aji biyar da ya fita da ɗalibansa da tef ɗin tela, suka nemi izinin direba suka auna motar da ke tsaye, suka dawo aji suka raba da 25, ya koyar da rabawa da kaso da zanen fasaha a darasi ɗaya, kuma ba wanda zai yi gyangyaɗi.

Darasin Kakuri

Kaduna ta fi kowane gari a Arewa sanin ma'anar mota a cikin kwali, domin ta yi shekaru tana wannan aiki da motoci na gaske. Kamfanin Peugeot na Najeriya, wanda aka kafa a 1972, ya fara fitar da motoci daga Kakuri a 1975. Sassan suna zuwa daga Faransa a akwatuna, ma'aikata su haɗa, su yi walda, su fesa fenti. Daga nan 404 da 504 da 505 suka fito suka cika titunan ƙasar nan, 504 ta zama motar gwamnati da ta tasha baki ɗaya. Dubban iyalai sun ci abinci a wannan masana'anta, an kuma horar da ƙwararrun ma'aikata. An kai ga samun wasu kayan a cikin gida, irin su taya da batir.

Sai dai zanen motar da ƙirar injinta ba su bar Faransa ba. Da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar shekarun 1980, akwatunan suka yi tsada, ga motocin Kwatano sun buɗe kasuwa, aikin ya ja baya. An sayar da hannun jarin gwamnati a 2006. A 2022 wani sabon kamfanin haɗa Peugeot, mai hannun Dangote, ya fara aiki a hanyar Abuja. Abin farin ciki ne, amma tambayar tana nan: wanda ya iya bin takardar wani kaɗai, ranar da kwalin ya daina zuwa me zai yi?

Waɗanda suka tsallaka

Akwai shaidar cewa ana iya wuce nan. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da aka haifa a Kaduna a 1966, da zanen motoci ya taso. Ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya tafi Detroit ya karanta zanen mota, ya kammala a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi. Ya yi aiki a kan Pontiac G6, wato gidan da KITT ta fito, kuma shi ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta Najeriya. A ɗakunan zane irin waɗanda ya yi aiki, kafin a taɓa ƙarfe sai an sassaƙa motar da wani irin yumɓu, ƙarama tukuna, sannan babba. Abin da muke kira wasan yara, can matakin aiki ne da ake biyan albashi a kansa.

A Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero, ya ja hankalin duniya a 2007 da jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa. A cikin Kaduna kuma ga kasuwar Panteka, maƙwabciyar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda ake ƙera injin niƙa da na casar hatsi da sassan da suka ɓace a kasuwa. Da yawa daga masu wannan aiki, idan aka bi tarihinsu, a kan gwangwani da waya hannunsu ya faɗa.

Abin da ya saba faruwa da yaro mai irin wannan baiwa sananne ne. Wani ya ɗauki bidiyonsa ya sa a Facebook ko TikTok, a yi ta sa albarka, wataƙila wani babba ya kira shi ya ba shi kyauta a ɗauki hoto, bayan mako biyu a manta. Bukatarsa ba ta kai tsadar wannan biki ba. Rula ce da kamfas da takardar zane, da malamin da zai ce masa ya zana kafin ya yanka. Gasa ce tsakanin makarantun firamare na Igabi, inda sharaɗin shiga shi ne a kawo mota tare da zanenta da awonta, alƙalai kuma su haɗa da bakanike da fanel bita daga bakin titi. Idan wani mai hali ya sayo kwali ɗaya na Aoshima, ya fi amfani a buɗe shi a gaban aji, yara su ga yadda ake lambanta sassa da yadda ake rubuta matakai, sannan a ce kowa ya je ya rubuta irin wannan takarda don tankarsa ta gwangwani, ya ba abokinsa ya haɗa. Ranar da abokin ya haɗa ta ta fito daidai ba tare da ya tambayi mai ita ba, an sami mai zanen mota a Katabu, saura a nema masa gurbi a kwalejin fasaha.